Kaka Ta Kusa Wucewa

Kusada, watan Zulhajji, bayan Babbar Salla

Daga Haulatu matar Ummaru zuwa ga taubashina Ɗanmaliki, malamin hanya a Kankiya.

Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Barka da Salla, in dai ku ma'aikatan hanya kuna yin ta. Mu nan lafiya lau, sai 'yar mura da ke yawo cikin yara. Ummaru yana gaishe ka.

Bayan haka, bari in tuna maka ko ni wace ce, don na ga tun da ka kama hanyar mota ka saki ta zumunci. Ni ce jikar Malam Babba, yayan kakarka, kuma a hannuna Kaka take tun rasuwar mahaifinka. Kaka kuwa, in ita ma sai an tuna maka, ita ce tsohuwar da ta goya ka, ta yi maka ɗura, lokacin da mahaifiyarka ta bar ka kana rarrafe.

Ran Salla tun da hantsi ta sa na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida. Duk ƙararrawar keken da ta ji sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Ga maigidana nan." Haka har la'asar. Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye maka ba. Jaji mai jaki, wanda zai ba ka takardar nan, yakan tashi da asuba ya isa kasuwarku kafin azahar, da kaya a kan jakin. Kai mai keke ne, amma yau damina nawa rabonka da mu?

Yanar ido ta rufe mata na hagu, na daman ma inuwa-inuwa take gani. Ba ta ƙorafi, sai dai rashin ganin gona yana cin ranta. Geronmu ya nuna, jiya muka gasa tumu. Ta ce in tambaye ka, kai da ke bin hanya kullum, yaya geron Kafinsoli bana, don ka san can aka haife ta.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

*

Kankiya, Satumba 1951

Zuwa ga Yaya Haulatu.

Na amsa gaisuwarku, ina kuma gaida Ummaru da yara, Allah ya sawwaƙe murar. Mu ma lafiya. Takardarki ta same ni, kuma na ga bakin nan naki bai tsufa ba.

Ke kina zaune a inuwa, ba ki san halin da muke ciki ba. Ruwan marka ya cinye hanya, kwalbatoci sun rufta, wani wurin ko amalanke ba ya wucewa. Dole mu cike ramukan nan da marmara kafin motocin gyaɗa su fara zirga-zirga, kuma Baturen ayyuka zai zo dubawa da kansa. Mutum ne wanda in ya ga rami ɗaya sai ka ce gidan ubansa aka rushe. Daga asuba ina kan keke, daga wannan tarin leburori zuwa wancan, har magariba. Ran Salla ma daga Idi na wuce wajen Yashe.

Maganar geron Kafinsoli kuwa, ki ba Kaka haƙuri. Ina ratsa garin safe da yamma, amma wallahi ban lura ba. Ni ramuka nake dubawa, ba zangarniya ba.

Na ba Jaji goro da sukari da ɗan kwalli, ko zai taimaki idon. Ki ce wa amaryata kada ta yi yaji, da zarar aiki ya lafa ina nan tafe.

Naki, Ɗanmaliki.

*

Kusada, ƙarshen watan Muharram

Zuwa ga Ɗanmaliki.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ramukanka. Saƙo ya iso. An ce a gode maka, an kuma ce goro ba ya amsa hira.

An gama da gero, yana rumbu. An tuge gyaɗa, tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Dawa ta sunkuyar da kai, kyasuwa ta yi ja a gefen gonaki, raɓar safe kuwa sai ta jiƙa maka zane har gwiwa. Shamuwa sun tashi tun makon jiya, sun bar mana sheƙunansu. Rabon da mu ga shekara mai albarka irin wannan an daɗe, kowa ka gani fuskarsa a sake.

Kaka ta kusa wucewa. In ba ka zo cikin kwanakin nan ba, ba za ka same ta ba, kuma kada ka ce ba a gaya maka ba.

Wassalam. Haulatu.

*

Kankiya, Nuwamba 1951

Zuwa ga Yaya Haulatu.

Na dawo lafiya, ina fata na bar ku lafiya. Ki gaida Ummaru, ki yi masa godiyar karɓar da ya yi mini. Ke kuwa gaisuwarki tana nan a ajiye sai na huce.

Kin yi dariya ranar da na zo har da riƙe ciki, to bari ki ji abin da kika jawo. Jaji ya miƙo mini takardarki a bakin kasuwa, na karanta ta ƙafata ɗaya a kan feda. Idona ya tsallake su raɓa da kyasuwa, ya faɗa kan layin ƙarshe. Duniya ta yi mini duhu. Washegari Bature zai zo, na sani sarai, amma ko shugaban leburori ban sallama ba, na juya keke na nufi Kusada. Ban yi nisa ba ƙaya ta huda mini taya. Na dinga tura shi cikin rairayi ina gudu-gudu, hawaye na zuba, ƙato da ni. Duk wanda na gamu da shi daga wajenku sai in tsura wa fuskarsa ido, ko zai fara yi mini gaisuwar rashi. Abu ɗaya nake roƙo: Allah ya sa in same ta da sauran numfashi, ko hannuna ta riƙe.

Na shigo na tarar da ita zaune daram tana ɓarar gyaɗa tana yi wa kaji faɗa. Kin ga yadda na zube a gabanta. Sai a lokacin na gane kakar amfanin gona kike nufi. Da a boko kika rubuta, da na ga babban baƙi ko ƙarami na bambance, amma ajaminki bai san mutum da lokacin girbi ba, duk kai ɗaya ya yi musu.

Abin da ba ki gani ba shi ne washegari. Na yi niyyar sammako in koma, sai Kaka ta kama bakin rigata ta ce ba inda za ni sai na kai ta gona. Na riƙe hannunta muka fita. Ba mu bar bayan gari ba ta tsaya cak.

"Maigida, wa ya biyo ka? Tahiya kake ko tsere?"

Na rage sauri. Ta ce in ƙara ragewa. Na ƙara, har na ga kamar tsaye muke. Raina yana can wajen Bature. Da muka shiga gonaki sai ta ce, "To, ni ba ni gani. Mi ka gani?"

Na ce, "Dawa."

"Dawa! Jakin Jaji ma ya san dawa ce. Wace iri? Kaura ko farfara? Kan nata shina tsaye ko ya sunkuya?"

Dole na duba. Kaura ce, ta yi jawur, kawunan sun yi nauyi har kara yana lanƙwasa. Na gaya mata. Ta ce, "Sai mi?" Na ƙara dubawa, na ga gizo-gizo ya ɗaura saƙarsa tsakanin kara biyu, raɓa ta jeru a kan kowane zare, rana ta haske ta. Na faɗa mata. Ta yi murmushi, ta ce, "Sai mi?" Haka muka yi ta yi. Balbelu suna bin shanun wani Bafulatani a fadama. Zoɓo ya yi ja a kan iyakar gonarku. Kurciya tana kuka, Kaka ta ce ta hagu ce, na juya na same ta a hagun kuwa. Ban san lokacin da na manta da Bature ba.

Da muka kai ƙarshen gona ta ce, "Duba mani gawon nan. Ya fara toho?"

Na ce, "Haba Kaka, ruwa ya ɗauke, yanzu ai itatuwa zubar da ganye za su yi."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Na ɗaga kai. Yaya, gawon ya yi kore shar, sabon ganye ƙanana-ƙanana ko'ina a jikinsa. A ƙarƙashin itacen nan na yi kiwon awaki, amma na manta halinsa. Ta ce, "Duk damina tsirara yake ana yi mashi dariya. Yanzu da kowa zai tuɓe, shi kuma zai sa riga." Na tsinko mata reshe ɗaya, na cire ƙayar, ta murza ganyen tana shinshinawa. Muka zauna a gindinsa har rana ta yi zafi. Na daɗe ban ji daɗi irin na safiyar nan ba.

Bature ya yi faɗa har wuyansa ya yi ja, amma bai kore ni ba, hanyar kuma ba ta gudu ba. Jiya da na zo Kafinsoli na sauka daga keke na tura shi har ƙarshen gari. Ki gaya wa Kaka gero kam na makara, amma dawarsu ta yi kyau, farfara ta fi yawa, kabewa ta hau dannin gidaje, kuma rimin bakin rijiya yana nan tsaye.

To, na huce. Na gode da kuskuren alƙalaminki.

Ɗanmaliki.

*

Kusada, watan Safar

Zuwa ga taubashina mai saurin kuka.

Muna lafiya, muna gaishe ku. An fara yankan dawa, Ummaru ba ya shigowa sai magariba.

Alƙalamina bai yi kuskure ba, malam. Wanda ke karanta takarda a kan keke shi ya san abin da ya gani. Amma na yafe maka, don ranar da ka tafi Kaka ta ci tuwo har da neman ƙari.

Na karanta mata takardarka. Wurin Kafinsoli ta sa na maimaita har na haddace. Da na zo kan rimin bakin rijiya sai ta kama hannuna ta ce a gindinsa aka yi mata kitson aure. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa jin wannan ba. Reshen gawon nan yana ƙarƙashin matashinta, ya bushe, ta hana a yar.

Ga saƙonta, da bakinta: "Ki ce mashi ya bar aiko mani da sukari, haƙoran sun ƙare. Ido nike so. Abin da duk ya gani a hanya ya rubuto. Kuma in bazara ta yi ya tsare mani tsamiyar bayan kasuwar Kankiya, nan shamuwa ke fara sauka kahin su iso mana. Ran da ya gansu, in ji."

Ka ji aikin da aka ba ka. Wannan uwargijiyar ta fi Baturenka tsanani.

Wassalam. Haulatu.

*

Kankiya, Mayu 1952

Zuwa ga Yaya Haulatu.

Ina gaishe ku da zafin bazara, ina fata kowa lafiya. Tun zuwana na ƙarshe, da muka zauna da Kaka a gindin ɗorawa tana sa ni ƙirga mata launin furenta, ban sami amsa daga gare ki ba. Takardu na aiko a jere, shiru. Jaji in na tambaye shi sai ya ce kowa na gaishe ni, ya kama kunnen jakinsa. Lafiya dai? In fushi kike ki faɗa, na fi sabawa da faɗanki.

Ga na Kaka, ki karanta mata a hankali. Kukar bakin hanya ta fara fitar da ganye tun ruwa bai sauka ba. Gawo kuma ya soma kaɗe nasa, ki ce mata wannan karon ni na fara lura. Ƙadangaru sun yi jan kai. Da yamma hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi, ya watse, ya bar mu da gumi.

Babban labari kuwa shi ne, shamuwa sun sauka. Yau da hantsi ina wucewa bayan kasuwa na ɗaga kai kamar yadda na saba, sai ga biyu a ƙololuwar tsamiya, baƙin baya, farin ciki, suna gyara fiffike kamar matafiyan da suka sauke kaya. Ɗaya ta sauko ta ɗauki tsinke ta koma sama, ta ajiye, bai zauna ba, ta sake gyarawa. Na jingine keke na tsaya kallo har wani mai tallan goro ya tambaye ni ko wani abu nawa ya maƙale a sama. Leburorina sun ce malam ya fara taɓuwa. Su faɗa.

Ki ce wa amaryata maigidanta ya cika aiki. Ruwa ya kusa.

Ɗanmaliki.

*

Kusada, watan Sha'aban

Zuwa ga ɗan'uwana Ɗanmaliki.

Ina gaishe ka. Ka sauka daga keke kafin ka karanta wannan.

Zan rubuta da sunanta na yanka don kada a sake ruɗewa. Hassana 'yar Malam Manu, kakarka kuma ƙanwar kakana, Allah ya yi mata rasuwa jiya da hantsi. An yi mata sutura kafin azahar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Shirun da ka ji, ita ta sa ni. Tun bayan zuwanka na ƙarshe jikinta ya yi sanyi. Na ce zan aika maka, ta ce, "Bar shi, shina tsaron shamuwa. Ya zo ya zo, na gan shi, na ƙoshi. In kin kira shi yanzu da gudu zai taho, ba ya ganin komi a hanya." Na bi maganarta, ina jin nauyin abin. In na yi laifi ka yafe mini.

Takardarka ta iso shekaranjiya da la'asar. Na karanta mata a hankali kamar yadda ka ce. Da na zo wurin mai tallan goro ta yi dariya, dariya sosai, irin wadda muka sani. Ta ce, "To, madalla. Ku fid da iri." Ta sa na ɗora mata takardar a ƙirji. Daga nan ba ta ƙara doguwar magana ba sai salati.

Akwai abin da ta ce in gaya maka sai bayan ranta. Layin nan da ya sa ka gudu bara, ba nawa ba ne. Ni "lokacin girbi" na yi niyyar rubutawa. Ita ta ce a'a, in sa yadda ta faɗa, kalma da kalma. Na ce, "Kaka, zai tsorata." Ta ce, "To ƙarya na yi? Mu biyun duk tahiya muke. Wadda duk ya zo dominta, ya samu ɗayar."

Na gode wa Allah da ya ba ku wannan rani tare. Na gode maka kai ma, don ta tafi tana gani da idonka. Muna zaman makoki, ka zo.

Haulatu.

*

Kankiya, Yuni 1952

Zuwa ga Yaya Haulatu.

Na iso gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ba ki ladan riƙon da kika yi mata, ke da Ummaru. Ba ki yi mini laifi ba, kuma ban iya faɗa miki haka a gaban mutane ba, shi ya sa nake rubutawa.

Da na baro ku na biya ta gona. Gawon ya tuɓe tas, ba ganye ko ɗaya, geronku kuwa ya tsiro a ƙarƙashinsa layi-layi. Na zauna na yi kuka, na kuma yi dariya da na tuna yadda tsohuwar nan ta yi mini dabara tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Da ba ta yi ba, da sai dai in zo kabarinta da goro a hannu.

Shamuwan tsamiya suna kwance a kan ƙwai. Na tsaya na gani yau, sai da na juya zan tafi na tuna ba wadda zan gaya wa. To, ke zan gaya wa. Ki yi haƙuri da ni, za ki ci gaba da samun takardu.

Bana in kaka ta zo ba sai an aiko mini ba. Ki ce wa Ummaru ya ajiye mini magirbi ɗaya. Da ƙafa zan taho.

Naki, Ɗanmaliki.